HUTUN MAI ADALCI: IDAN MAI BI YA RASU A BAƘUNCI

Wuraren karatu: Ishaya 57:1-2, 1 Tasalonikawa 4:13-18, Ru'ya ta Yohanna 14:13

Ayar haddacewa: Romawa 14:8

Manufar darasi: Domin iyalan Kirista su san abin da hutun mai bi ya dogara a kai, su yi makoki da bege, su kuma yanke shawarar jana'iza ba tare da tsoro ko jin kunyar idon mutane ba.

GABATARWA

Duk wanda ya taɓa kwana a Oko-Oba, a yankin Agege na jihar Legas, ya san unguwa ce wadda ba ta kwanciya da wuri, ba ta kuma makara. Tun gari bai waye ba tireloli ke sauke shanun da suka kwana a hanya daga Arewa, mahauta su yi sammako zuwa babbar mayanka, masu dako da masu abinci da direbobi kowa ya kama gabansa. Mutanen Arewa sun daɗe a wannan yanki. Cinikin goro da na shanu ne ya jawo su, hanyar jirgin ƙasa kuma, wadda ta isa Kano a shekarar 1911, ta ƙara musu yawa, har mazauninsu a Agege ya ci sunan Zango.

A cikin wannan taron baƙi na Legas akwai Kirista masu yawa waɗanda Hausa ce harshen sujadarsu. Wasu daga kudancin Kaduna suke, wasu daga Filato, Tafawa Balewa, Tangale, Zuru, Adamawa da kudancin Borno, wasu kuma daga ƙauyukan Kano da Katsina. Akwai sojoji da 'yan sanda, akwai masu gadi, direbobi, 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis. Ran Lahadi sukan taru a majami'u irin na ECWA, COCIN da EYN, su raira waƙoƙin da suka taso da su. Kusan kowannensu ya zo ne da niyyar ya yi 'yan shekaru ya koma gida. Sai dai ba kowa Allah yake nufa da komawa da ƙafarsa ba.

Ranar da aka buga waya aka ce wane ya rasu, tambayoyi uku sukan faɗo wa iyali tun hawaye bai bushe ba. Ina yake yanzu? Irin mutuwar da ya yi, ko tana nuna wani abu game da matsayinsa a gaban Allah? A ina za a binne shi, nan ko gida? Amsar da iyali suka ba waɗannan tambayoyi ita ce takan nuna ko za su fita makoki da salama, ko kuwa za su fita da bashi da gaba da zargin juna. Wannan darasi zai bi su ɗaya bayan ɗaya.

1. INA YAKE YANZU?

Bahaushe yana cewa barci ƙanin mutuwa ne, domin mai barci ya yi kama da gawa. Littafi Mai Tsarki ya juya maganar, ya kira mutuwar mai bi ita kanta barci, domin akwai farkawa a bayanta. Sa'ad da Yesu ya shiga gidan Yayirus ya tarar da masu kuka, ya ce da su yarinyar barci take yi, suka yi masa dariya (Markus 5:38-42). Haka ya faɗa game da Li'azaru, har almajiransa suka zaci barcin jinya yake nufi, sai da ya fito musu fili (Yohanna 11:11-14). Bulus ma da wannan kalma ya ta'azantar da 'yan'uwa na Tasalonika. Kirista na farko sun riƙe ta ƙwarai, har suka sa wa wurin binne 'yan'uwansu suna da Helenanci, koimeteriyon, wato wurin kwana. Daga wannan kalma ce Turawa da yawa suka samo sunan maƙabarta a harsunansu.

A nan sai a yi hankali. Jiki ne yake barci a cikin ƙasa, yana jiran ranar tashi. Ran mai bi kuwa yana tare da Ubangiji nan take, yana kuma sane. Alkawarin da Yesu ya yi wa ɗan fashin da ya tuba a kan gicciye na ranar ne, ba a ɗaga masa shi zuwa wani lokaci ba (Luka 23:43). Bulus ya koyar da cewa rabuwa da jikin nan zama ne tare da Ubangiji (2 Korintiyawa 5:6-8), ya kuma shaida wa Filibiyawa cewa wannan zama ya fi masa kowane abu (Filibiyawa 1:21-23). Saboda haka ran mai bi ba ya yawo a titunan Agege yana neman hanyar garinsu. Ba ya tsaye a bakin ƙofar iyalinsa yana jiran a yi masa yanka ko a zuba masa wani abu kafin ya natsu. Ya riga ya isa.

Daga me yake hutawa? Annabi Ishaya ya koka da yadda mutanen kirki suke shuɗewa ba wanda ya tsaya ya yi tunani a kai, sa'an nan ya bayyana abin da ido bai gani ba: ana ɗauke su ne daga gaban masifa, a shigar da su cikin salama kamar mutumin da ya miƙe a kan shimfiɗarsa. Littafin Ru'ya ta Yohanna ya ƙara da cewa wahalar aikinsu ta ƙare, amma abin da suka aikata saboda Ubangiji bai ɓata ba, yana nan tare da su. Mazaunin Legas ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane wannan. Mai gadin da ya kwana a tsaye cikin sauro da ruwan sama ya san daɗin jin takun wanda zai canje shi. Mai dakon da ya wuni da kaya a ka ya san yadda wuya take ji in an sauke. Gumin da ya biyo bayan faɗuwar Adamu (Farawa 3:17-19), ciwon da ya ƙi magani, zaluncin maigida, fargabar kuɗin haya, da yaƙin da mai bi yake yi da zunubin zuciyarsa kowace rana, duk a bakin kabari suke tsayawa. Wannan shi ne hutun Asabar wanda marubucin Ibraniyawa ya ce an tanada wa jama'ar Allah (Ibraniyawa 4:9-11).

2. WANE NE MAI ADALCI?

A takardun sanarwar rasuwa da ake mannawa a bango, kusan kowa an rubuta masa cewa ya huta. Amma surar nan ta Ishaya wadda ta fara da salamar mai adalci, ita ce kuma ta ƙare da kamanta mugu da teku mai hauka wadda ba ta kwanciya (Ishaya 57:20-21). Mutuwa ita kaɗai ba ta mai da kowa mai adalci. Rigar kowa ce, kamar yadda ake faɗa, amma ba masauki ɗaya take kai kowa ba.

Mai adalci a koyarwar Sabon Alkawari shi ne mai zunubin da aka baratar ta wurin bangaskiya cikin Yesu Almasihu (Romawa 3:21-26; 5:1). Sunan Kirista da aka raɗa wa mutum, katin baftisma, yawan baiko, ko kujerar dattijo a gaban majami'a, babu ɗaya da zai tsaya a madadin wannan. Ɗan fashin nan ba shi da ko ɗaya daga cikinsu, ya kuwa shiga. Wanda aka baratar kuma rayuwarsa takan nuna, gama Ishaya yana maganar masu tafiya a miƙe ne. Mahaucin da ba ya tauye awo, direban da ba ya cin amanar maigidansa, matar da ta riƙe gidanta da tsoron Allah, waɗannan 'ya'ya ne na bangaskiyar da ke ciki.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Na ɗaya, mai wa'azin jana'iza ba alƙali ba ne. Bai san abin da ya wuce tsakanin mamaci da Allah a sa'ar ƙarshe ba, don haka kada ya jefa kowa a wuta, kada kuma ya yi ƙarya domin ya faranta wa dangi rai. Masu rai ne suke zaune a gabansa, su ne kuma wa'azin zai amfana. Na biyu, shirin mutuwa yau ake yinsa. Wanda ya ajiye tuba sai ya koma gida ya tsufa, ya ajiye ta ne a wurin da ba shi da tabbacin isa.

Akwai kuma gargaɗi ga wanda duniya ta yi wa zafi. Da yake mutuwa hutu ce ga mai bi, wannan bai ba kowa izinin ya neme ta da hannunsa ba, bai kuma ba iyali hujjar barin marar lafiya a ɗaki ba tare da an kai shi asibiti ba. Bulus da ya yi marmarin tafiya, shi ne kuma ya ga zamansa ya fi amfani ga 'yan'uwa, ya zauna (Filibiyawa 1:24-25). Annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, amma Allah ya bar shi ya yi barci, ya ciyar da shi, ya kuma mai da shi bakin aiki (1 Sarakuna 19:4-16). Wanda irin wannan tunani yake damunsa ya faɗa wa fasto, ko amini, ko likita, tun da wuri. Ubangiji ne yake sallamar ma'aikacinsa, a lokacin da shi ya ga ya dace.

3. IRIN MUTUWAR DA YA YI

Kowa yana fatan ya cika a kan gadonsa, da 'ya'ya da jikoki kewaye da shi. Mazauna Agege da kewaye sun san ba kullum haka take zuwa ba. Ran Lahadi 27 ga Janairu 2002, rumbun makamai ya fashe a barikin sojoji na Ikeja, mutane fiye da 1,000 suka rasu, yawancinsu a magudanar ruwa ta Oke-Afa inda suka faɗa suna gudun tsira. Ran 26 ga Disamba 2006, kashegarin Kirsimeti, bututun mai ya kama da wuta a Abule Egba, maƙwabciyar Oko-Oba, ya ci rayuka fiye da 200. Ran Lahadi 3 ga Yuni 2012, jirgin saman Dana da ya taso daga Abuja ya faɗo a kan gidaje a Iju-Ishaga, dukan mutum 153 da ke cikinsa suka rasu, har da wasu da ke ƙasa. Ban da waɗannan akwai haɗarin mota na kullum, da wanda ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki.

Idan irin wannan ta faru, raɗe-raɗi yakan tashi. Wani ya ce lalle akwai zunubin da mamacin ya ɓoye. Wani ya ce hannu aka sa masa. Yesu ya riga ya amsa ta farkon. An kawo masa labarin Galilawan da Bilatus ya karkashe, shi kuma ya tuna musu da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba don sun fi sauran mutane laifi ba ne abin ya same su. Daga nan ya juya maganar kan masu tambayar, ya ce su tuba (Luka 13:1-5). Masifa ba ma'aunin zunubin wanda ta faɗa wa ba ce.

Littafi Mai Tsarki ya ba da misali mai ƙarfi a kan wannan. Istifanus ya mutu ne a ƙarƙashin ruwan duwatsu, a tsakiyar taron da ya fusata, jikinsa duk rauni. Duk da haka kalmar da Luka ya zaɓa domin ya bayyana ƙarshensa ita ce barci (Ayyukan Manzanni 7:54-60). Mai arzikin nan na misalin Yesu kuwa, wanda ya ci daɗinsa har aka binne shi, ya farka cikin azaba, miskinin da ya mutu a ƙofarsa shi ne aka ta'azantar (Luka 16:19-25). Ashe salamar da Ishaya yake magana a kai ba ta shafi yadda sa'ar ƙarshe ta kasance a idon masu kallo ba. A hayin kogin take.

Waɗanda ba a ga gawar ɗan'uwansu ba, ko aka binne shi a kabarin taro, nasu ciwon ya fi zurfi, amma ba su ne na farko ba. A shekarar 177, a birnin Liyon na ƙasar Faransa ta yau, an kashe Kirista saboda bangaskiyarsu, aka ƙone gawawwakinsu, aka zuba tokar a kogin Ron, da nufin a yanke musu begen tashin matattu. Masu yin haka sun manta cewa wanda ya yi mutum daga turɓaya ba zai rasa inda turɓayar take ba. Yohanna ya ga ranar da har teku za ta mayar da waɗanda ta haɗiye (Ru'ya ta Yohanna 20:13).

Game da zancen an sa hannu, a nan ne gidaje da yawa suke rushewa. Akan tafi wurin boka, ko wurin wani mai kiran kansa annabi, a dawo da suna. Sau da yawa sunan gwauruwar ne, ko na wata tsohuwa a ƙauye wadda ba ta da mai tsaya mata. Maganar Allah ta haramta duba da tuntuɓar matattu (Kubawar Shari'a 18:10-12), ta kuma haramta shaidar zur. Idan akwai alamar laifi na gaske, akwai likita, akwai hukuma. In babu, to, a bar matar da ta rasa mijinta ta yi kukanta, kada a ɗora mata na biyu.

4. A NAN KO A GIDA?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cin kuɗi da jawo gardama. Daga Legas zuwa Gombe ko Yola tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000. Kafin gawa ta isa, an biya kuɗin mutuware na kwanaki ko makonni, an sayi akwati, an ɗauki hayar motar gawa da ta 'yan rakiya. A can gida kuma ga rumfuna da kujeru, ga anko, ga abincin baƙi. Iyalin mai gadi ko direba ba su da wannan kuɗi a ajiye. Sai a ci bashi da ruwa, a sayar da gonar da marayu za su dogara da ita, ko a cinye kuɗin sallamar da wurin aikin mamacin ya bayar. A zango mai zuwa sai a ga yaran a gida, an koro su saboda kuɗin makaranta.

Kai gawa gida ba zunubi ba ne. Yakubu ya bar wasiyya a kai shi kogon Makfela wurin kakanninsa (Farawa 49:29-32), Yusufu kuma ya sa 'yan'uwansa suka rantse za su tafi da ƙasusuwansa, aka kuwa cika masa bayan shekaru masu yawa (Farawa 50:25, Joshuwa 24:32). Tsohuwar da ke ƙauye tana son ta ga inda aka kwantar da ɗanta, wannan kuwa ba abin raini ba ne. Iyalin da suke da hali, suka kuma yarda a tsakaninsu, su yi da salama.

Amma a duba dalilin kakannin bangaskiya da kyau. Marubucin Ibraniyawa ya lissafta wasiyyar Yusufu a cikin ayyukan bangaskiya (Ibraniyawa 11:22), domin shaida ce cewa Allah zai cika alkawarinsa ya fitar da jama'arsa daga Masar. Shi kansa kogon Makfela kabarin baƙunci ne. Ibrahim bai mai da gawar Saratu Ur ko Haran ba, ya sayi wuri a inda yake zaman baƙunci a kan shekel 400 na azurfa (Farawa 23). An binne Rahila a bakin hanya (Farawa 35:19). Musa kuwa ba wanda ya san kabarinsa (Kubawar Shari'a 34:5-6), duk da haka an gan shi tare da Yesu a kan dutse (Markus 9:4).

Tarihin ikilisiya ma yana da shaidu. Monika, mahaifiyar Agustin, 'yar Afirka ce daga Tagaste a ƙasar Aljeriya ta yau. Ta riga ta shirya wa kanta kabari kusa da na mijinta a gida. A shekarar 387, suna hanyar komowa daga Italiya, ciwo ya kama ta a Ostiya, tashar jiragen ruwa ta birnin Roma. Ɗanta ɗaya ya damu da cewa za ta mutu a ƙasar wasu, amma ita ta kwaɓe shi, ta ce su binne ta a duk inda ya samu, gama nisan ƙasa bai shafi Allah ba, ya kuma san inda zai same ta ranar tashi. A Ostiya aka binne ta tana da shekara 56.

Legas ita kanta tana da nata labarin. Ran 4 ga Disamba 1893, samari uku suka sauka a wannan birni da nufin kai bishara ƙasashen Arewa: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin shekarar 1894 ta ƙare, cuta ta ɗauke biyu. Gowans ya rasu a Girku, cikin jihar Kaduna ta yau, Kent kuma a Bida. Ba a mai da ko ɗayansu ƙasarsu ba. Aikin da suka fara ya kafu a Patigi a shekarar 1902, daga cikinsa kuma ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Waɗanda suka kawo bishara Arewa sun yarda a binne su a Arewa. Ɗan Arewa da Allah ya kawo Kurmi ba shi da abin tsoro idan ƙasar Kurmi ce ta rufe shi.

Maƙwabta Musulmi a Agege sukan yi jana'izar mamacinsu da sauri, cikin sauƙi, galibi a garin da ya cika. Kirista zai iya duban wannan sauƙi ya tambayi kansa, nawa ne daga cikin abin da yake kashewa saboda mamaci ne, nawa ne kuma saboda kada a ce. Mamacin da ke tare da Almasihu ba a ƙara masa hutu da tsadar akwati, ba a kuma rage masa da arahar likkafani.

5. MAKOKI MAI BEGE

Bulus bai hana Tasalonikawa baƙin ciki ba. Abin da ya hana su shi ne irin baƙin cikin waɗanda ba su da abin sa zuciya. Mutuwa har yanzu abokiyar gaba ce, ita ce kuma ta ƙarshe da za a hallaka (1 Korintiyawa 15:26). Yesu ya san zai ta da Li'azaru, amma bai hana idanunsa hawaye ba a bakin kabarin (Yohanna 11:33-36). Masu tsoron Allah da suka binne Istifanus sun yi masa kuka mai zafi (Ayyukan Manzanni 8:2). Don haka kuskure ne a tsawata wa gwauruwa a ce kukanta rashin bangaskiya ne. Mai zuwa ta'aziyya ya fi kyau ya zauna, ya yi shiru, ya yi addu'a gajeriya, da ya cika ɗaki da bayanin abin da Allah bai bayyana masa ba.

Ga waɗansu abubuwa da iyali da ikilisiya za su yi tun kafin ranar ta zo:

(a) Miji da mata su zauna su yi maganar inda suke so a binne su, su kuma sanar da dangi na gida. Yin wannan magana ba ya kiran mutuwa. Kalma ɗaya daga bakin mutum tun yana da rai takan kashe gardamar wata guda.

(b) Magidanci ya rubuta wasiyya, ya sa shaidu. Ya tabbata sunan magajin da ke takardunsa na wurin aiki da na banki daidai ne, matarsa kuma ta san inda takardun suke.

(c) Ikilisiya ta kafa asusun taimakon jana'iza, dattawa kuma su san yadda ake samun takardar shaidar rasuwa da wurin binnewa a Legas, domin kada iyali su yi ta lalube a ranar ruɗewa.

(d) Fasto da dattawa su tsaya tsakanin gwauruwa da matsin dangi, su yi magana da ikilisiyar gida, domin shawarar ta zama ta salama. In an binne a Legas, ana iya yin sujadar tunawa a gida domin waɗanda ba su sami zuwa ba.

(e) A ware wa marayu rabonsu kafin a kashe ko kwabo a kan biki. Yakubu ya auna addini na gaskiya da kula da marayu da gwauraye (Yakubu 1:27). Zumuntar Mata da matasa su ci gaba da ziyara bayan an naɗe tabarmin makoki, gama a wata na uku da na shida ne kaɗaici yake kama mutum sosai.

KAMMALAWA

Sunan Oko-Oba da Yarbanci yana nufin gonar sarki. Bulus ya kamanta binne mai bi da shuka: ana sa ƙwaya a ƙasa cikin rauni da ruɓewa, ta fito da jiki sabo mai daraja (1 Korintiyawa 15:35-44). Saboda wannan koyarwa ce Kiristan Morabiya na garin Hernhut a ƙasar Jamus suke kiran maƙabartarsu gonar Allah. Duwatsun kaburburansu a kwance suke, kusan iri ɗaya, na mai kuɗi da na talaka, tun shekarar 1732 kuma sukan taru a wurin da asubar Ista su yi sujada. Manomi ba ya makokin irin da ya shuka kamar wanda ya yi asara, domin ya san damina tana zuwa. Duniya duka gonar Sarki ce, ko Agege ko Kaltungo, ko Kafanchan ko Garkida, ranar girbi kuwa ba kunyar da za a manta.

Mai bi baƙo ne tun kafin ya zo Legas, baƙo ne kuma ko ya koma garinsu (Ibraniyawa 11:13-16). Hutunsa bai rataya a kan irin mutuwar da ya yi ba, ko ƙasar da ta rufe shi, ko yawan mutanen da suka ci abinci a jana'izarsa. Ya rataya ne a kan Almasihu wanda ya mutu ya tashi. Iyalin da suka riƙe wannan za su yi kuka, amma za su share hawaye su kula da masu rai.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA A GIDA

1. Me ya sa Sabon Alkawari ya kira mutuwar mai bi barci? Wane ɓangare na mutum ne yake barcin?

2. Ta yaya Luka 13:1-5 zai taimaki iyalin da suka rasa ɗan'uwa ta haɗari?

3. Mene ne bambanci tsakanin dalilin Yusufu na neman a tafi da ƙasusuwansa da dalilin da yakan sa a ci bashi a yau?

4. Waɗanne al'adun jana'iza ne suke girmama Allah, waɗanne ne kuma tsoro ko idon mutane ya kawo su?

5. Wace gwauruwa ko wane maraya ne iyalin nan za su ziyarta a wannan wata?

ADDU'A

A gode wa Allah saboda tashin Yesu Almasihu daga matattu. A roƙe shi ya ta'azantar da iyalan da suke makoki a baƙunci, ya ba dattawan ikilisiya hikima da ƙarfin hali, ya tanada wa gwauraye da marayu, ya kuma sa kowane mai rai ya kasance a shirye. Amin.